Goggo Mai Buhu da 'Ya'yan Gawo

Wata Talata ce a tsakiyar rani, rana ta buɗe tun da hantsi, sama fayau babu gajimare, Goggo Mai Buhu ta fara sharar gindin gawo. Tun daga ranar, kullum kafin a saki dabbobi ta fita da tsintsiya, ta tattara 'ya'yan da suka zubo, ta shanya su kwana uku, ta ɗura a buhu, ta jera a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su.

Mahauci maƙwabcinta ba ya barin ta wuce. "Goggo, an ɗauke ki aikin sharar daji ne?"

"An ɗauke ni, ɗan nan. Ka yi ta wasa wuƙa, akuyata dai sai ka gan ta daga nesa."

Sai damina ta makara. Ciyawa ta ƙare, dusa ta yi wuya, awaki suka koma cin kwali. Unguwa ta fara shawarar kai su mahauta kafin su mutu a banza. Nan Goggo ta buɗe ɗakinta: buhuna har rufi. Ta raba wa kowane gida, amma da sharaɗi. A daka tukuna, domin ƙwayar da ba a fasa ba yadda ta shiga haka take fita. A fara da tafi ɗaya. Wanda ya yi fumfuna a zubar.

Wani tela a unguwar bai ji ba. Ya jingina nasa a jikin randa, buhun ya jiƙe ya yi fumfuna, ya ce zubarwa asara ce, ya ba awakinsa. Washegari awakinsa biyu ba su tashi ba. Goggo ba ta yi masa gori ba, ta sake aika masa wani buhun. "Wannan ka ɗora shi a kan keken ɗinki, tunda nan kaɗai kake kula."

Goggo, uwar awaki, ke ce kika sunkuya mu muka tsaya da ƙafafunmu. Bana gwiwa ta ce ki huta, kin jingine tsintsiya. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mu kuma masu sauran ƙarfi, ga gawo nan yana zuba, a ɗauki buhu.

A waccan shekarar, da ruwa ya sauka aka ƙirga. Cikin awaki saba'in da huɗu, an rasa biyu, na tela. Tsintsiya shida sun ƙare, turmi ɗaya ya tsage. Mahauci kuwa, da tasa akuyar ta haifi tagwaye, sai ya daina tsokanar Goggo.