Katin Asibitin Gidanmu

Baffa Nasidi yayan mahaifina ne. Shekara goma sha tara yana sayar da shayi a tashar Rogo, a kan dogon tebur mai leda shuɗiya. Bai yi boko ba, amma ya san direban da ke son sukari cokali huɗu da wanda ba ya shan madara. Ba shi da yawan magana, sai dai in an tsokane shi.

Ƙanensa, wato mahaifina Malam Muntaka, malamin firamare ne a Beli. A 1986 wani wakilin kamfanin inshora ya zagaya makarantu, Baba ya shiga inshorar rai, ana cira daga albashinsa duk wata. A takardar an tambaye shi ko ya taɓa doguwar jinya, ya rubuta a'a. A daminar 1991 zazzaɓi da ciwon ƙirji suka kwantar da shi kwana shida, Allah ya yi masa cikawa. Ya bar Inna da mu bakwai, ni ce babba, ina aji biyu a jami'a.

Inna ba ta fita takaba ba wasiƙar kamfani ta iso. Ni na karanta ta a zaure, Baffa na zaune, Inna na saurare daga bayan ƙofa, don ba ta zama gaban yayan mijinta. Sun ce ba za su biya ba. Wai sun samo fayil a wani asibiti a Kano mai nuna an yi wa Muntaka maganin tarin fuka wata tara a 1984, ya ɓoye musu.

"Ƙarya suka ce ya yi?" in ji Inna. "Mutumin da ko mura ba ta cika kama shi ba?"

Baffa ya gyara zama. Can ya ce, "Laure, sake karanta shekarar."

Na sake.

"Ba shi ba ne. Ni ne."

A gidanmu katin asibiti ɗaya ne, na Baba, a cikin kwallar Inna yake. Duk namijin da ya tashi zuwa asibiti shi yake ɗauka, aka kira Muntaka ya amsa. Ba wanda ya ɗauki hakan laifi. A waccan shekarar ta 1984 Baffa ya ce mana ya tafi koyon gashin burodi a Kano. Ashe jinya yake. Baba kaɗai ya sani, ya kuma rufa masa asiri, domin ba mai shan shayi a kofin wanda aka ji ya yi tarin fuka, ko da ya warke.

Ni da Baffa muka je ofishin kamfanin a Kano. Manajan ya ce magana ta baki ba ta isa ba. Sai Baffa ya yi rantsuwa a kotu da shaidu biyu, a kuma sake ɗaukar hoton ƙirjinsa a gwada da na fayil.

A mota na ce, "Baffa, kotun Ƙaraye fa cike take da mutanen tasha. Teburinka..."

"Na sani."

"Ko mu bar su da Allah?"

"Ke da karatunki! Muntaka ya ɗauke mini kunya shekara bakwai yana da rai. Yanzu kuma in bar shi ya kwanta da sunan maƙaryaci?"

Ranar Talata ya sa babbar rigarsa ta salla, ya tsaya gaban alƙali ya faɗi komai da ƙarfi, har sunan ciwon, bai sassauta murya ba. Hoton ƙirji ya fito da tabon huhu a wuri ɗaya da na da, ga kuma tsohuwar karaya a haƙarƙarin hagu a duka hotunan biyu, wadda ya samu yana yaro da ya faɗo daga kan mangwaro. Baba bai taɓa karaya ba. Bayan wata biyar kamfani ya biya Inna, ya kuma aiko da takarda mai layi uku yana janye zargin. Da kuɗin ne ƙannena suka ci gaba da makaranta.

Kafin sati ya zagayo da rantsuwar, tebur ya watse. Masu cika benci biyu da safe suka koma wajen wani a bakin kasuwa. Direbobi uku ne suka rage, cikinsu har da Lado mai motar Zariya, wanda ya riƙa zuwa da kofinsa na silba a aljihu.

"Nasidi, ba don komai ba fa," in ji shi.

"Kai dai miƙo. Ka rage mini wanki, Allah ya sa gobe ka zo da sukarinka."

Da rani ya sayar da teburin da tukunyar, ya koma noman gyaɗa a gonar gado. Ya nemi in ba shi takardar nan mai layi uku. Ba ya iya karanta ta, amma ya sa na nuna masa daidai inda sunan ƙanensa yake.