Sukarin Rumaisa

Kamilu mai dafa sukari ne a wata masana'antar alawa a Bompai. Tare muke shiga aiki, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai a kan sana'arsa kamarsa ba. In ka ce masa sukari ya ƙone, sai ya ce hancinka ne ya ƙone.

'Yarsa Rumaisa ta zo duniya da gudawa mai naci. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara, tana shekara uku amma ko tsayuwa ba ta yi. Sai da aka kai jininta gwaji waje, sannan likita ta zaunar da shi.

"Malam Kamilu, a cikin ƙwayoyin jiki akwai wasu sinadarai masu aiki. Suna duba furotin, wato abin da ke gina jiki, su gane daidai gurbin da za su liƙa masa sukari. In ba a liƙa ba, furotin ba ya aiki. Sukarin kuma iri na musamman ne, sunansa manos, jikin Rumaisa ba ya iya haɗa isasshe. Shi za ku riƙa ba ta."

Ta fara sha, gudawa ta tsaya. Da gwangwanin manos ɗin ya ƙare aka rasa wani a gari, sai gogan naka ya ɗebo sukarin gulukos daga wurin aiki. Ya murza, ya lasa, ya ce wa matarsa Aina'u, "Duk fari ne, ni za a koya wa sukari?"

Aka riƙa ba ta shi, ciwo ya dawo sabo. Ranar na ga Kamilu zaune a bakin get yana kuka wiwi, raina ya ɓaci ƙwarai, don na so in zage shi na kasa.

Ashafa mai kula da sito ne ya ce a ba shi tsohon gwangwanin. Ya bi masu kawo mana kaya ta waya har ya samo mai sayar da manos, likita ta duba ta amince. Yanzu tare da kayan kamfani yake isowa.

Rannan Kamilu ya shigo aiki da ɗan takalmin roba na Rumaisa a aljihu, yana bin mu injin-injin yana nunawa. Na ce, "Kai kuma lafiya?"

Ya ce, "Ya matse ta, wallahi ya matse ta! Sai an sayo babba."