Hoton Mai Kanwa

Ba ni da haƙuri, ɗalibaina ma sun shaida. Lauya ce ni, ina koyarwa a jami'a, kuma duk dogon hutu nakan kwaso 'yan ajin ƙarshe in kawo su garinmu, Kaura Namoda, inda muke da wani ɗan ofis kusa da tasha. Kyauta muke taimakon waɗanda waya ta jefa cikin masifa: wanda aka rufe wa layi babu dalili, wadda aka yaɗa hotonta, da makamantansu. Yaran ke yin aikin, ni kuma ina tsaye a kansu ina masifa. Abin da na fi yi musu masifa a kai shi ne sirri. Nakan ce duk abin da mutum ya faɗa a ɗakin nan amana ce, wanda ya fita da shi ni da shi ne.

Wata safiya wani dattijo daga Moriki ya shigo, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna bakin ƙofa.

"Ɗiyata, ƙanena aka kama," in ji shi.

Ƙanen nasa kanwa da gishirin shanu yake sayarwa a kasuwar Moriki, don haka yawancin abokan cinikinsa makiyaya ne. Da aka ce za a rufe duk layin da ba a haɗa da lambar katin ɗan ƙasa ba, su ba su da katin, kuma wa zai bar shanu a daji ya je ya yi ta bin layi a ofis? Sai suka roƙe shi ya yi musu da sunansa. Shi kuma mutumin kirki, ya je wurin mai rajista ya dangwala musu yatsansa. A wajenmu wannan ba komai ba ne, ni kaina layin gwaggota da sunan ɗan maƙwabcinta yake. To ɗaya daga cikin layukan ya bi hannu ya bi hannu, har aka kira wasu mutane da shi aka nemi fansar ɗan'uwansu da aka sace. Da jami'an tsaro suka bincika, sunan mai kanwa ya fito. Ranar da ya zo Kaura sarin kaya suka yi gaba da shi.

Dattijon ya ciro ƙaramin hoton ƙanen nasa ya ba mu saboda takardun beli. Sannan ya rage murya. "A gida mun ce ya tahi fatauci. Don girman Allah, kar maganar ga ta fita."

Na ba wa ɗalibin da na fi ji da shi shari'ar. Haifaffen birni ne, kansa na ja, dokar kare bayanan mutane kuwa a ka yake da ita. Shi ya gano mafita tun a ranar farko: kamfanin waya na da bayanin wayar da aka sa layin a ciki, da ƙarfen sabis ɗin da kiran ya bi. In bayanin ya fito, za a ga layin bai taɓa shiga wayar mai kanwa ba. Wallahi na ji daɗi, har na yabe shi gaban 'yan'uwansa, abin da ban saba yi ba.

Daga nan aka shiga jira. Kamfani ya ce sai da umarnin kotu. Kotu ta ɗage zama. Da ranar ta zo, mai gabatar da ƙara ya aiko cewa hanya babu lafiya. Aka sake ɗagewa. Da umarnin ya fito, kamfanin ya ce sai an aika babban ofishinsu, can kuma wanda zai sa hannu ya tafi hutu. Kai jama'a! Na yi ta buga waya har muryata ta dushe, na zagi wanda ya kamata da wanda bai kamata ba. Duk wannan lokacin mutumin na tsare, yana ramewa, duk zuwan da muka yi tambayarsa ɗaya ce, ko an yi wa geronsa noma na biyu.

Bayan wata ziyara irin wannan ne ɗalibin ya tare ni a ofis, idonsa jawur.

"Malama, mu fitar da maganar nan a soshiyal midiya. In duniya ta ji, kwana kaɗan za a sake shi."

Na ce a'a.

"Malama, kunya ce kawai irin ta mutanen ƙauye. Ai ba za mu bar mutum ya ruɓe a tsare saboda kunya ba."

"Wace kunya?" na ce. "Tsoro ne, kai! Ka san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma a yankin nan? Wanda aka ce yana yi wa 'yan bindiga aiki? Babu alƙali, babu lauya. Mutanen nan sun binne 'yan'uwansu, ba su da sauran haƙurin sauraron bayanin ƙarfen sabis."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malama." Duk mai koyarwa ya san wannan "to" ɗin. Na ɗauka dai ya ji.

Washegari ina shigowa na tarar da ofis tsit, kowa ya duƙa a kan wayarsa. Wata ɗaliba ta miƙo mini tata. Ga hoton mai kanwa nan, wanda yayansa ya ba mu amana, ga sunan garinsu, ga dogon rubutu mai daɗin karantawa, wai a saki wannan bawan Allah, laifinsa kawai ya yi wa makiyaya rajistar layi. Mutanen nesa sai yabo suke, suna Allah ya saka wa matashin lauya. Na yi ƙasa ina karantawa, sai na fara cin karo da mutanen gida. Wani ya rubuta, "Ashe shi ne." Wani ya ce ya san rumfarsa. Kaina ya ɗau zafi.

Na yi wa ɗalibin nawa tas. Na ce kai ne ka haddace doka, kai ne ka fi kowa maki a darasin sirri, yau ka ɗauki fuskar mutum ka kai kasuwa? Wa ya ba ka izini? Shi ka tambaya, ko yayansa, ko ni? Ya ce shi dai taimako ya yi niyya. Na ce ai mai kanwa ma taimako ya yi niyya. Nan take ya goge rubutun, amma ina! An riga an ɗauke shi ana ta turawa daga waya zuwa waya, har wani ya karanta shi da murya ya tura wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne, dabarar tasa ta yi aiki. Abin da na yi makonni ina bi da takarda, surutu ya yi shi cikin 'yan kwanaki. Sai ga kira, wai mu zo a ba da beli. Na ga yadda yaron yake tafiya ranar, kafaɗa a sama. Sauran ɗaliban ma satar kallona suke, kamar suna jiran in ce na yi kuskure. Ta yaya zan koya wa yaro cewa abu bai dace ba, alhali yana gani da idonsa ya biya buƙata?

Da hantsi aka fito da mai kanwa. Rigarsa ta yi masa yawa. Yayansa na jiranmu a waje, amma babu fara'a a fuskarsa, kuma a hannunsa akwai ƙullin kaya cikin buhu. Suka gaisa, sannan dattijon ya miƙa masa buhun.

"Ba ka zuwa gida," ya ce. "An ƙone rumfarka. 'Yan sa-kai sun zo nemanka har gona. Iyalinka na wurina. Ka tahi Gusau wurin ɗiyan gwaggo, sai abin da Allah ya yi."

Mai kanwa ya daɗe yana kallon buhun. Bai yi kuka ba. Ya tambayi wa zai yanke masa gero, yayan ya ce shi zai yanke.

Muka raka shi tasha da ƙafa. Motocin Shinkafi, waɗanda ke bi ta Moriki, suna lodi a gefe guda, ɗan kamasho na ta kiran fasinja. Ya ja hularsa ya rufe goshi, ya wuce su ya nufi na Gusau. Kafin ya shiga sai ya juyo wurin ɗalibin, don yayansa ya faɗa masa abin da ya yi.

"Yaro, an ce kai ka sa hotona. Na san alheri ka nufa, Allah shi yi maka albarka. Amma ka taimake ni ka cire shi."

"Na goge, Baba. Tun ranar na goge."

"Madalla," in ji mai kanwa, har fuskarsa ta ɗan saki. "To in ka goge nan, ya goge ke nan a wayoyin mutanen Moriki? In bari a kwana biyu in koma?"

Yaron ya juyo yana kallona, yana so in cece shi kamar yadda na saba a gaban alƙali. Na harɗe hannuwana.

"Kai ya tambaya," na ce. "Amsa masa."