Zanena a Ƙarƙashin Yaɓe

Kuskuren nawa ne, kuma bakina ne ya jawo shi: na zuba wa labari gishiri a gaban Baba.

Tun ina ƙaramin aji nake zane da gawayi da jar ƙasa a garun gidanmu na Tasawa. Na zana motocin tasha da lodinsu har sama, da raƙumi mai harara, da mai shayin unguwarmu da kunnuwa kamar faifai. Malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya ɗauki hoton garun da wayarsa, ya aika wa masu wani shirin tele a Yamai, waɗanda ke yawo gari gari suna nuna matasa masu fasaha da ba a sani ba. Suka ce za su biyo ta wurinmu kafin su wuce Mayahi.

Da na faɗi haka kawai na yi shiru, da an zauna lafiya. Amma muna cin tuwo na ce wa Baba manyan ƙasa ne za su zo, har da ministoci, kuma duniya duka za ta ga gidanmu, daga Makka har Faransa. Baba ya ajiye lomarsa, ya daɗe yana kallon garu. Ni kuwa na ɗauka alfahari ne ya cika shi.

Washegari na dawo daga lakwal na tarar da shi da ƙannensa, laka har gwiwa. Sun yaɓe garun tas, sumul kamar goshin jariri. Raƙumina, motocina, duk suna ciki.

Na tambaya ina zanena.

Baba ya ce, "Kai yaro, minista zai zo, in bar shi ya ga garu duk gawayi? Mi za a ce da ni a garin nan?"

A ranar da yamma masu tele suka iso, mutum uku a mota ɗaya, ba ko ƙanin minista. Shugabar tasu, wata madam mai tabarau, ta dubi wayarta, ta dubi garu, ta dube ni cikin babbar rigar yayana da ke jan ƙasa. Na yi wuf na ɗauko gawayi, amma lakar ba ta bushe ba, gawayin ya nutse ya bar rami. Baba ya yi gyaran murya, na janye hannu.

Suka sha furar Inna, suka yaba yaɓen, suka wuce.

Da aka nuna shirin, wata yarinya ce ta Mayahi mai zanen ƙwarya ta fito. Daga Tasawa tasha kawai suka nuna.