Yatsan Baba Danladi

Ko yanzu na rufe ido ina ganin ranar Talatar da Baba Danladi ya shigo ofishinmu na fansho a Zuru. Lokacin ina ƙaramar akawu, teburina na bakin ƙofa.

Tsohon makanike ne. Ya yi wa wani kamfanin gina hanya aiki shekara tara a Nijar, ya dawo ya ƙarasa sauran a Wasagu. Ku sababbin zuwa aikin nan, ga ƙa'idar: idan shekarun mutum a nan ba su kai ba, ana rubuta wa ofishin waccan ƙasar su tabbatar da nasu, sai a haɗa. In ba a haɗa ba, Baba bai da fansho, ga ciwon suga ya sa shi gaba.

Sai maganar shaida. Katinsa na can ya ƙone, abin da ya rage a aika dangwalensa su gwada da wanda ya yi ranar ɗaukarsa aiki. Na tura masa tawada. Ya ɗago hannun dama, babu babban yatsa.

"'Yata, inji ya cinye shi tun can."

Shugaban sashenmu ya ce, "Asabe, rufe fayil ɗin nan, wa zai yarda?" Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Yallaɓai, bari dai in rubuta musu." Ya ce in ta wahalar da kaina.

Wata huɗu shiru. Duk ranar kasuwa Baba zai sauko daga kabu-kabu, ya gaishe ni, ya koma.

Kwatsam sai ga ambulan ɗin wasiƙa daga Nijar. Wani ma'ajin takardu a can, wanda ban san ko kamanninsa ba, ya tono rajistar hatsari ta kamfanin da ya daɗe da rushewa. Muka kira malamin Faransanci daga sakandare ya karanta mana a gaban Baba. Ga sunansa, ga injin, ga yatsan da ya tafi, har sunan wanda ya ɗaure masa hannu. Shugaba ya cire tabarau ya ce, "Ikon Allah!" A tsaye ya sa hannu a fayil ɗin.

Baba ya roƙa a maimaita masa sunan wanda ya ɗaure masa hannun. "Musa ne," in ji shi. "Rigarsa ya yage ya ɗaure min." Sai hawaye.

Tun ranar ban ƙara cike rajista da wasa ba. Wanda ya rubuta wannan layin a rajistar kamfanin bai taɓa taka Zuru ba, ƙila ma ya daɗe a ƙasa, amma shi ya tsaya wa Baba shaida.