Staf da Faifan Gaba

A ƙauyensu da ke bakin kogin Rupel, an san Staf Bulckaen da abu biyu: aikin masana'antar bulo da ya ci ƙuruciyarsa, da keken 'yarsa Hanne. Tun tana ƙarama take shiga tseren keke na hunturu, wanda ake yi cikin taɓo da yashi, inda hanya ta gagara a saɓa keken a kafaɗa a ruga. Kowace Lahadi Staf ke riga kowa shiga fili, ya zagaya shi a ƙasa yana danna laka da dunduniya. Sannan ya zaɓi faifan gaba, mai haƙoran nan da sarƙa ke hawa. In ƙasa ta daskare ya ɗaura babba, don gudu. In ruwa ya kwana yana zuba ya ɗaura ƙarami, kada taɓo ya cinye mata ƙarfi. Matarsa Godelieve kuwa tana cikin mota da tukunyar miya mai zafi.

Godelieve ta rasu da bazara. Da hunturu ya zagayo, wata babbar ƙungiya mai makanikanta ta ɗauki Hanne.

"Baba, ka huta haka nan," in ji Hanne. "Ka riƙa zuwa kallo kawai."

Ya je. Ya tsaya bayan igiya cikin 'yan kallo, hannu a aljihu. Ta wuce shi a guje ba ta gan shi ba, amma shi ya ga faifan da suka ɗaura mata. Daidai wanda da shi ne zai zaɓa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, bai sake zuwa ba.

Zaman gida ya ishe shi, sai ya kakkaɓe tsohon kekensa ya shiga tseren dattawa. Ya ɗaura faifai mai haƙora arba'in da biyu, irin na samartakarsa. Duk tudun da ya iso, feda ta ƙi juyawa, ya sauka yana turawa yana haki. Sauran dattawan kowa da wanda ke jiransa a gefen fili da wankakken keke, in taɓo ya toshe nasa ya musanya. Keken canjin Staf kuwa jingine yake da shinge, ba mai riƙewa.

Bayan wani tsere, Fons, abokin karawarsa tun suna samari, ya dubi faifan ya kwashe da dariya.

"Staf, wa kake son burgewa? Kai ka manta shekarunka, gwiwarka ba ta manta ba."

"Ji wai. Kai da matarka ce ke ɗora ka kan sirdi?"

"To ni dai a kan keke na hau tudun. Kai fa?"

Staf ya tura kekensa ya koma gida. Ya yi kwanaki yana shiga gareji yana fitowa kafin ya kwance faifan, ya ɗaura mai haƙora talatin da takwas. Ranar Lahadi ya haye tudun yana zaune daram, ya zo na biyun ƙarshe. Da jiki duk laka ya kira Hanne, wadda ke atisaye a Sifen.

"Talatin da takwas? Baba, ashe ka girma," ta ce tana dariya. "Ana jirana, zan kira ka anjima."

Ya bi layin tiyo ya wanke kekensa, ana ta naɗe igiyoyin fili.

Ya ci gaba da tsere har gwiwar ta ƙi gaba ɗaya. Yanzu shi ke tsaron mararrabar hanyar tseren da ke cikin kurmi, inda 'yan kallo ba sa kaiwa. Yana tsaye da usur a wuya, in masu tsere sun taho ya busa, in sun wuce ya jira su sake zagayowa.