Saƙon da Bai Cika Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, rai ya yi halinsa kana zaune a kan kujerarka, Kawun Ofis, shayinka ko hucewa bai yi ba.

Kai ka koya mini aikin nan. Ka ce kwamfuta tana iya tura saƙo ba tare da ta kwafe shi ba: aron wurin da yake ajiye take ba katin sadarwa, wato sashen da ke fitar da saƙo, ya ɗauka daga can. Ka kafa mana sharaɗi biyu. Kada a taɓa wurin aro sai sanarwa ta dawo cewa an gama. Kuma kada a tura guntu, sai ƙunshi ya cika bayit dubu huɗu da casa'in da shida, wato kimanin haruffa dubu huɗu. Har muna yi maka tsiya cewa ko gaisuwa sai ka auna ta.

Ni na karya sharaɗi na farko. Na yi gaggawa na rubuta a kan wurin aro, hotunan marasa lafiya suka isa wani asibiti a dagule. Ka ɗauki laifin a gaban manaja, sannan ka ja ni gefe ka wanke ni tas. Na yi zuciya, mako biyu ban gaishe ka ba. Abin yana ci na.

Washegarin jana'iza na leƙa tsohuwar kwamfutarka. A kulle take, ba wanda ya san lambar sirrin, amma allon yana nuna saƙo guda yana jiran tafiya zuwa tawa. Saura bayit tamanin da biyar ya cika, kuma ba shi da kwafi a ko'ina.

Da gari ya sake wayewa, saura sittin. Mai shara ta ce ta daina goge teburin, domin da ɗumi take samun kujerar. Na zare kibod ɗin da ake buga rubutu da shi na kulle a durowa. Washegari saura arba'in da ɗaya.

Jiya manaja ya ce a kashe kwamfutar. Na roƙe shi zuwa Litinin. Yau saura tara, kuma tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Inna da 'ya'yanka mata uku haƙuri. Ban sani ba ko yafiya ce a ciki ko sauran faɗa. Wannan karon ban taɓa wurin aro ba, Kawu. Ina jira.